KAFIN KA BA DA TSOHON BABUR ƊINKA KA CIKA KUƊI: MAGANA GA SAMARIN DROUM DA KEWAYE



Duk shekara da an gama yankan gero, wake ya shiga buhu, an fara kai gyaɗa kasuwa, akwai wata zazzaɓi da ke kama samarinmu a Droum da ƙauyukan da ke kewaye da ita: zazzaɓin canza babur. A fada ita ce hira, a wurin mai shayi ita ce hira. Wane ya kai tsohonsa Damagaram ya cika jika kaza ya taho da sabo dal. Wane ya sayar da sa ya yi ciko. Wane kuma har gonar gado ya jinginar. Wanda bai canza ba sai ya riƙa jin kamar an bar shi a baya.

Ra'ayina a kan wannan al'amari a fili yake: mafi yawan wannan furfure da ake yi, na ba da tsoho a cika kuɗi a karɓi sabo, asara ce ga mai babur, riba ce ga dillali. Ban ce kada kowa ya sayi sabon babur ba. Cewa na yi a zauna a yi lissafi tukuna, domin kuɗin kaka sau ɗaya suke zuwa a shekara, rani kuma dogo ne.

BABURAN CIKIN WAYA

Bari mu fara da inda sha'awar ke tasowa. Yau kowane yaro da waya a hannu, yana kallon Turawa da 'yan Japan suna sheƙa gudu da manyan babura na doguwar tafiya, masu gilashi a gaba da akwatuna a gefe. Sai ka ji ana gardama a fada, wannan ya ce Yamaha ta fi, wancan ya ce BMW, kamar gobe za su je su ɗauko.

To mu duba su da idon basira. Ɗauki Yamaha FJR1300, wanda ya fito a 2001, yana cikin fitattun baburan da aka ƙera domin gudu da doguwar tafiya a lokaci guda. Injinsa sisi 1,298 ne, wato ya ninka na irin namu mai sisi 125 sau goma. Nauyinsa ya kai kilo 290, kusan buhun gero uku ke nan. Tankinsa lita 25 yake ci. A farashin gidan mai na 2024, sefa 499 kowace lita, cika shi sau ɗaya jika 12 da rabi ne. An yi shi ne domin shimfiɗaɗɗiyar kwalta, inda mutum zai tashi daga Faransa ya kwana a Jamus. A nan ƙasar, in ka cire babbar hanyar Damagaram zuwa Yamai mai kusan kilomita 900, ina za ka sake masa wuta? Ka shigo da shi rairayin hanyoyin ƙauyukanmu, ya kwanta maka, sai ka tara majiya ƙarfi uku kafin ku tada shi. In wata na'ura ta lalace a cikinsa kuwa, bakaniken gari zai kalle shi ne kawai ya ce Allah ya sawwaƙe.

Akwai wani abin da ya kamata ɗan Nijar ya sani. Ɗaya daga cikin shahararrun baburan duniya sunan hamadarmu yake ɗauke da shi. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace da babur a cikin sahara a 1977, daga nan ya ƙirƙiro tseren Paris zuwa Dakar. Tseren farko ya ƙare a watan Janairun 1979, ya ratsa ta Agadas da Yamai, kuma wanda ya ci, Cyril Neveu, a kan Yamaha XT500 yake. A 1983 kamfanin ya fitar da babur ya raɗa masa suna Ténéré, kuma har yau ana ƙera Ténéré 700. Shi kam an yi shi domin rairayi da burji, ya fi FJR dacewa da ƙasa irin tamu nesa ba kusa ba. Amma ko shi ya haura kilo 200, kuɗinsa miliyoyi ne, kuma ba za ka je rumfar mai kayan gyara ka ce a miƙo maka fistan ɗinsa ba. Darasin da ke ciki shi ne, Turawan da kansu sai da suka dubi hanya tukuna suka ƙera babur daidai da ita. Mu kuma muna so mu sayi babur daidai da hoton da muka gani a waya.

BABURAN DA KE GABANMU

Gwajin da ya shafe mu tsakanin gida uku yake.

Na farko 'yan Chana: Kasea, Haojue, Royal da 'yan uwansu. Su suka cika gari, su ne na 'yan kabu-kabu da malaman makaranta da 'yan kasuwar ƙauye. Ƙarfinsu shi ne araha da wadatar kayan gyara. Duk inda ka lalace, akwai yaron da ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa. Mutane da yawa ba su san cewa injin da yawa daga cikinsu kwaikwayon Honda CG125 ba ne, wanda aka fitar a 1975. Honda ta ƙera shi ne musamman domin ƙasashe irin namu, bayan ta lura cewa masu babura ba sa juyen baƙin mai a kan lokaci kuma suna lafta wa babur kaya fiye da kima. Shi ya sa injin ke da haƙuri. Amma 'yan Chana ba ɗaya suke ba. Haojue, alal misali, kamfanin da ke ƙera shi a birnin Jiangmen yana aiki tare da Suzuki, shi ya sa ƙarfensa ya bambanta da na wasu da suna kawai ake liƙa musu a tanki.

Na biyu 'yan Indiya: Boxer na kamfanin Bajaj, da TVS. Waɗannan an san su da rashin shan mai, da dogon sirdi, da jure kaya. Mai ɗaukar buhu biyu da fasinja ranar kasuwa ya san abin da nake faɗa. A Najeriya su ne 'yan acaɓa suka fi riƙewa, don haka kayan gyaransu ta can suka fi shigo mana.

Na uku tsofaffin 'yan Japan, musamman Yamaha DT 125 da ma'aikatan gona, na kiwon lafiya da na ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna ratsa karkara da shi. Yana da tsawo, ƙafafunsa na cin rairayi, ba ya jin tsoron kwazazzabo. Sai dai injinsa irin mai haɗa fetur da baƙin mai ne, yana sha, yana hayaƙi, kuma kayansa na asali tsada gare su.

Wanne ya fi? Tambayar ma ba daidai aka yi ta ba. Wanne ya fi wa wa? Mai kabu-kabu a cikin Damagaram, da manomin da ke kai kayan lambu kasuwar Mirya ranar Lahadi, da malamin da aka tura ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, ba babur ɗaya ya dace da su ba. Abu huɗu ne ma'auni: hanyar da kake bi kullum, kayan da kake ɗauka, man da aljihunka zai iya saya, da bakaniken da ke kusa da gidanka. Launin tanki da fitila mai walƙiya da rediyon da ke kiɗa ba sa cikin lissafi.

INDA DILLALI KE CIN KA SAU BIYU

Yanzu ga asalin maganar. Yaya furfuren ke gudana? Ka hau tsohonka ka shiga birni. Tun daga yadda ka tsaya kana shafa sabon, dillali ya gane ka riga ka kamu. Zai zagaya naka, ya murza, ya kasa kunne, ya girgiza kai ya ce: "Kai ƙanena, wannan ai ya gaji." Sai ya yi masa kuɗi ƙasa da abin da zai yi a kasuwa. Sabon kuma ba zai rage maka ko dala ba, tunda ba da tsabar kuɗi ka zo ba. Ya ci ka a tsoho, ya ci ka a sabo. Kai kuma lamba ɗaya kawai kake ji a kunnenka, wato ciko.

Ga misali da lambobi masu sauƙi, kowa ya cire ya sa farashin da ya tarar a kasuwa. A ce sabo jika 500 ne. Naka in ka yi haƙuri ka sayar da kanka zai yi jika 200, amma dillali ya ce 150. Cikonka ya zama 350. Da ka sayar da kanka, ka riƙo kuɗi a hannu ka yi ciniki, a ce an sallama maka sabon a 480, cikonka 280 ne kacal. Bambancin jika 70. Ka san mene ne jika 70? Lita 140 ce ta fetur a gidan mai. Ƙaramin babur mai lafiya yana iya yin kilomita 40 da lita guda, ka ga tafiyar kilomita 5,600 ke nan, fiye da zuwa Yamai sau shida. Wannan duka ka bar shi a rumfar dillali saboda ba ka iya haƙurin mako biyu ba.

Ban ce dillalai ɓarayi ba ne. Sana'arsu ce, kuma su ma suna ɗaukar kasada: za su gyara, su ajiye, su jira mai saye, wani lokaci kuɗinsu ya kwanta wata da watanni. Kowa ya san kasuwa, in ka ga ana rububin abu, mai shi ba ya ragi. Laifin namu ne da muke zuwa a lokacin da kowa ke zuwa. Da kaka kowa na da kuɗi, sabo na tsada. Da bazara kuwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ana neman kuɗin iri da taki, sai ka ga baburan nan da aka saya da kaka an dawo da su ana neman mai saye ko nawa ne. Wanda ya sayi babur da kuɗin gero a watan goma, ya sayar da shi a watan shida don ya sayi geron da ya ninka kuɗi, wace riba ya ci?

Mafi muni shi ne ciko da bashi. Babur ba sa ba ne. Sa in ka ɗaure shi kana ba shi harawa da dusa, kullum ƙara kuɗi yake. Babur kuwa tun ranar da aka cire masa leda ya fara raguwa. Wanda ya sayar da dabbar da ke ƙaruwa, ko ya jinginar da gonar da ke ciyar da gida, don ya cika kuɗin ƙarfen da ke raguwa, sai fa in ƙarfen nan zai fita aiki kullum ya dawo da kuɗi. In na zuwa zance ne da rakiyar ango, to an yi sakin na hannu.

TAKARDU, TAKARDU, TAKARDU

Akwai wani ramin da ya fi na kuɗi zurfi. Yankinmu kusa da iyaka yake. Ta Magarya, ta Matamai, ta Maimujiya, babura na shiga suna fita. A cikinsu akwai na halal, akwai waɗanda ba a biya musu duwan ba, akwai kuma na sata. Masu musayar tsoho da tsoho su suka fi faɗawa wannan rami: ka ba da naka mai cikakkun takardu, ka karɓi wanda ya fi shi sheƙi, a ce maka takardu suna tafe. Ranar da jandarma suka tsayar da kai, ko mai shi na asali ya gane abinsa a kasuwa, kai ne a hannu. Wanda ya ba ka ya daɗe da sauya lambar waya.

Haka kuma in kai ne ka bayar. Muddin takardar babur na ɗauke da sunanka, duk abin da aka aikata da shi ƙofar gidanku za a fara ƙwanƙwasawa. A zamanin nan babur ba abin wasa ba ne a idon hukuma. A Diffa an hana hawansa a watan Fabrairun 2015 bayan hare-haren Boko Haram. A Kano an hana acaɓa a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A wasu sassan Tillaberi ma an hana a farkon 2020. Mu Allah ya rufa mana asiri muna hawa lafiya, amma wannan ya isa ya nuna mana cewa babur marar asali masifa ce.

Don haka kada a yi musaya sai an duba lambar jikin ƙarfe da ta inji an ga sun yi daidai da abin da ke takarda. A rubuta takardar ciniki, da sunan mai bayarwa da mai karɓa da shaidu, a kai wa mai gari ko ma'aikatar magajin gari a buga hatimi. Wanda ya ce maka "haba, ba ka yarda da ni ba ne?", ka ce masa yarda ce ta sa za a rubuta.

ABIN DA SHEKARUN NAN SUKA KOYA MANA

Wanda bai ɗauki darasi daga 2023 zuwa yau ba, ban san ranar da zai ɗauka ba. A ranar 29 ga Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, 'yan ruwa-ruwa da muka saba sayen kwalba a wurinsu da araha suka ga canji. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyakoki, ba a buɗe ta Najeriya ba sai watan Maris na 2024. Kayan da ke zuwa ta tashar Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage kuɗin fetur daga sefa 540 zuwa 499, aka ji daɗi, amma a watan Maris na 2025 kowa ya ga layin da aka yi a gidajen mai, duk da matatar SORAZ na nan arewa da Damagaram tun 2011.

Me wannan ke nufi ga mai babur? A irin wannan yanayi, babur mai daraja shi ne wanda ba ya shan mai kuma kayansa ke ko'ina. Sabon samfurin da ya shigo bana, wanda dillali ɗaya ne ke kawo kayansa, in hanya ta toshe sai ka jingine shi a zaure kaji su riƙa kwana a kai. Tsohonka da ka raina kuwa, ko a kasuwar ƙauye za ka samu ringinsa da sarƙarsa.

MASU CEWA A CANZA, SU MA SUNA DA HUJJA

Wani zai ce: malam, kai ba ka san wahalar tsohon babur ba. Yau kabureta, gobe kuloci, jibi taya. Kuɗin da ake kai wa bakanike a shekara sun isa ciko. Kuma ɗan kabu-kabu fasinja na duban babur kafin ya hau.

Wannan magana gaskiya ce, kuma akwai lokacin da canji ya zama dole. In ƙashin babur ya tsage aka yi masa walda a wuya, rabu da shi, domin ranar da zai karye ba zai yi sallama ba. In an buɗe inji sau biyu sau uku yana ci gaba da shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, kwanansa ya ƙare. In babur ne abincinka, kuma ranakun da yake kwana a gareji sun fara yawa, kowace rana asara biyu ce, ta gyara da ta aiki. Sannan a ƙauyukanmu babur shi ne motar asibiti. Mace na naƙuda da tsakar dare, ko yaro ya suma da zazzaɓin cizon sauro, ba lokacin tura babur ba ne. Mai irin wannan larura in ya canza, ya yi daidai.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, nawa ne cikin baburan da ake kaiwa furfure suka kai wannan hali? Da yawansu ringi da fistan, sarƙa da haƙoranta, tayu biyu da sabon sirdi kawai suke so su koma aiki shekaru. Abin da ke kashe babur a ƙasar nan sananne ne: ƙurar hunturu da ke shiga inji saboda ba a wanke matatar iska, baƙin mai na jabu, rashin juye a kan lokaci, da fetur ɗin kwalba mai datti. Wanda bai gyara waɗannan halaye ba, ko sabo ya saya, baɗi war haka zai sake komawa wurin dillali da ciko.

SHAWARA A TAƘAICE

Kafin ka yanke hukunci, kai babur ɗinka wurin bakaniken da ba shi da alaƙa da dillali, ya faɗa maka nawa zai ci a tada shi tsaf. Ka ajiye wannan lamba kusa da lambar ciko ka dube su da kyau.

In ka ga canjin ne alheri, raba cinikin gida biyu. Sayar da naka daban, sayi sabo daban. Ka taya a wuri uku kafin ka sallama.

In na hannu za ka karɓa, je ka same shi da sassafe inji na sanyi, ka ga yadda yake tashi. Dubi hayaƙi, dubi wuyan ƙarfe, dubi kusoshin inji ko sun sha sufana. Hau shi da kaya, ka shiga rairayi da shi.

In kai ne mai sayarwa, faɗi aibin abinka. Zuba baƙin mai mai kauri don a ɓoye ƙarar inji algus ne, kuma malamanmu sun sha faɗa cewa mai saye na da haƙƙin mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Garin nan ƙarami ne, wanda ka cuta yau gobe a jana'iza ɗaya za ku tsaya.

Cikin kuɗin da ka tsira da su, sayi hular kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma masu babura na cikin waɗanda abin ya fi ci. Wanda ya taɓa zuwa dubiya ɓangaren masu karaya a babban asibitin Damagaram ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Sabon babur na zuwa da sabon gudu, kai kuwa guda ɗaya ne, ba a sayar da irinsa a Kasuwar Dole.

Ina kuma kira ga shugabannin 'yan kabu-kabu, masu gari da ma'aikatar magajin garin Droum, da su sauƙaƙa wa mutane rubuta takardar cinikin babur, ya zama abu ne na 'yan mintoci da kuɗi kaɗan, ranar kasuwa ma a samu mai yi. Iyaye kuma, in yaro ya zo da maganar sayar da sa ko jinginar da gona don ciko, kada a kore shi da faɗa, kada kuma a sa masa hannu don kunya. A zaunar da shi a yi lissafin nan tare, da alƙalami da takarda. In lissafi ya fita, a sa masa albarka. In bai fita ba, shi da kansa zai gani.

Bakanikai da 'yan kabu-kabu da suka daɗe a sana'a, ku ne malaman wannan fanni, ku ƙara wa ƙannenku da abin da kuka sani.

Allah ya tsare mu a kan hanya, ya sa albarka a abin da muka noma, ya raba mu da sayen da-na-sani.